Karayar Arziki A Ƙagaggun Labaranmu: Me Ya Hana Mu Ba Da Labarin Faɗuwa?

Duk wanda ya daɗe yana bin ƙagaggun labarai na Hausa, tun daga littattafan da suka fito bayan gasar 1933 har zuwa waɗanda matasanmu ke rubutawa a yau, zai lura da cewa marubutanmu sun ƙware wajen ɗaga mutum sama, amma ba su iya sauko da shi ƙasa ba. Maraya zai zama attajiri, 'yar talaka za ta auri Alhaji, almajiri zai zama shaihi, kuma marubuci zai bi wannan hawa daki-daki har shafi ɗari ko fiye. To amma in aka zo ga wanda yake sama ya faɗo, sai a gama da shi a shafi ɗaya ko biyu: gobara ta tashi, ɓarayi sun shiga, shi ke nan Alhaji ya tsiyace, a rufe littafi.

Wannan al'amari ya kamata ya dame mu, domin kuwa Bahaushe da kansa ya ce duniya rawar 'yanmata ce, na gaba ya koma baya. Babu garin da za ka shiga a ƙasar nan ka rasa wani gida mai babban zaure da soro ya tsage, wanda tsofaffi za su ce maka a da nan ake sauke baƙi, a yau kuwa jikokin gidan ke yi wa wasu ƙwadago. Mu da muke zaune a Gehuru da sauran garuruwan Jega, Aliero da Maiyama mun san irin waɗannan gidaje, mun kuma tabbata 'yan'uwa marubuta na Kano da Katsina da Maraɗi sun san nasu. Manufar wannan sharhi ita ce mu duba yadda adabinmu ya riƙi wannan jigo, mu nuna inda ya gaza, sannan mu ga abin da marubuci zai ƙaru da shi in ya leƙa tarihi da sauran fannonin ilmi kafin ya ɗauki alƙalami.

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu fayyace abin da muke nufi da karayar arziki. Rashin kuɗi ɓangare ɗaya ne kawai. Akwai zubewar matsayi, wato wa ke zuwa gaishe ka da safe, ina ake zaunar da kai a wurin ɗaurin aure, wa ke neman auren 'yarka, kuma wa ke karɓar maganarka in an yi shawara a ƙofar masallaci. Masanin zaman jama'a M.G. Smith, a nazarin da ya buga a 1959 kan matsayin mutane a ƙasar Hausa, ya nuna cewa sana'a ita ce babban ma'aunin daraja a wurinmu, kuma ana bambanta sana'ar da mutum ya gada da wadda ya yi shigege a cikinta. Ke nan ɗan madugu da ya koma dako, ko da yana samun abin da zai ci, a idon jama'a ya faɗi.

Hanyoyi Uku Da Muke Kayar Da Mutum

In muka tattara littattafanmu, za mu ga hanyoyin da marubuta ke bi su karya mai hali ba su cika wuce uku ba.

Ta farko ita ce ta alhaki. Mutum ya yi zalunci ko ya bi son zuciya, sai dukiyarsa ta gudu don ya zama abin wa'azi. A wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, attajiri ne ya watsar da iyalinsa saboda karuwa, ita kuma ta kai shi ta baro. Shekaru da dama bayan haka Balaraba Ramat Yakubu ta dawo da kusan wannan tsari a Alhaki Kuykuyo Ne (1990), inda Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta saboda Delu, daga baya gobarar kasuwa ta cinye shagonsa, aka sace motarsa, ya wayi gari ba shi da komai.

Ta biyu ita ce ta asiri da makirci. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Malam Shehu mai dukiya ya ƙwace wa Abubakar budurwarsa Zainabu da ƙarfin kuɗi, shi kuma Abubakar ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Abin da ya samo ya lalata ɗan da aka haifa, Kyauta, ya zama ɓarawo, ta hannunsa kuma gidan ubansa ya rushe. Wannan tsari har gobe yana nan da ransa a littattafan da kishiya ko boka ke karya arzikin maigida.

Ta uku ita ce ta jarrabawa mai wucewa, wadda ta fi yawa a littattafan soyayya. Uban tauraruwa zai tsiyace a babi na biyu don kawai a samu dalilin yi mata auren dole, ko don a gwada saurayi na gaskiya, amma mai karatu ya riga ya san kafin babi na ƙarshe komai zai dawo, har da riba. Bayan wuya sai daɗi, in ji marubucin.

Ba muna cewa waɗannan hanyoyi ƙarya ba ne. Alhaki yana kama mutum, makirci yana nan, kuma akan faɗi a tashi. Illarsu ita ce, in su kaɗai muke da su, to muna koya wa mai karatu cewa duk wanda ya gani a ƙasa, ko dai ya yi wani mugun abu, ko an yi masa, ko kuma gobe zai miƙe. Yaron da ya tashi a gidan da ya karye, wanda ubansa bai zalunci kowa ba, ba a yi masa asiri ba, kuma shekara ashirin ke nan gobe ba ta zo ba, ina zai ga kansa a cikin adabinmu? Wannan yaro yana cikin ajin kowane malamin sakandare, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa son karatun labari.

Inda Aka Yi Abin Yabo

Adalci ne mu faɗi cewa akwai wuraren da marubutanmu suka kama hanya. Abin mamaki shi ne, a cikin Alhaki Kuykuyo Ne ɗin nan, faɗuwar da aka fi iya rubutawa ita ce ta Rabi. Marubuciyar ta tsaya ta nuna mana yadda matar ɗan kasuwa mai 'ya'ya tara ke komawa sayar da abinci don ta ciyar da su ta kuma riƙe karatunsu, da yadda 'yan'uwa ke shiga da fita a cikin lamarin. Nan mai karatu yana jin nauyin kowane kwabo. Faɗuwar Rabi tana da matakai da dalilai, ga saki, ga rashin abin hannu, ga yawan baki. Ta Alhaji Abdu kuwa daga sama ta faɗo masa kamar aradu. Wannan ya nuna cewa marubuciyar ta san rayuwar sakakkiyar mace ciki da waje, shi ya sa ba ta nemi taimakon gobara ba a wannan ɓangare.

Haka kuma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancin masu sharhi sukan bi Umar ne, yaron da aka sace ya zama babban malami. Amma in aka juya aka bi mahaifiyarsa, sai a ga labarin zubewar matsayi mafi ban tausayi da aka taɓa rubutawa da Hausa: matar bafade, wadda makircin fada ya raba mijinta Makau da gari, ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta aka mayar da ita baiwa, aka ƙetare Sahara da ita. Ko da yake akwai makirci a ciki, abin da ya ba labarin ƙarfi shi ne marubucin ya san yadda harin bayi da cinikinsu da ayarin hamada suke gudana, saboda haka kowane mataki na faɗuwarta yana zaune a kan abin da ya faru da dubban mutane na gaske.

Sai mu gwada wannan da Ganɗoki na Bello Kagara. Ga mayaƙi wanda zuwan Turawa ya kashe wa sana'a baki ɗaya. Tambayar da ke gaban marubucin ita ce, me barde zai zama in an daina yaƙi? Maimakon ya amsa, sai ya ɗauke tauraronsa ya kai shi ƙasashen aljannu ya ci gaba da sara da suka, har ƙura ta lafa sannan ya dawo da shi. Littafin yana da daɗin karatu ƙwarai, amma ya tsallake ainihin abin da ya sami irin su Ganɗoki bayan 1903, kuma har yau ba mu ga wanda ya koma ya cike wannan giɓi ba.

Abin Da Tarihi Ya Ajiye Mana

Ruwa ba ya tsami banza. In marubuci yana son sanin yadda gida ke karyewa, to ya fara da tarihin garinsu. Bari mu yi misali da namu yankin.

Kafuwar Jega kanta labarin faɗuwa da tashi ce. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu, shi ne mai Gimbana, garin da harin Gobirawa a kansa ya zama ɗaya daga cikin dalilan hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Bayan an ci nasara sai saɓani ya shiga tsakaninsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Bello ya rubuta nasa bayanin rikicin a littafinsa Sardul Kalami. Ɗan Abdussalami, wato Buhari, shi ne ya tattara sauran jama'ar ubansa, ya yi mubaya'a ga Gwandu, ya kafa Jega, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular. Ina marubucin da ya taɓa tambayar kansa yadda waɗannan mutane suka rayu a 'yan shekarun da ke tsakanin faɗuwar Kware da cikar kasuwar Jega?

Sannan ga fatake. Ta Jega ayarin goro ke bi zuwa Gwanja, su kai tufafi da kanwa da fatu, su dawo da goro a kan jakuna, tafiyar watanni. Paul Lovejoy, a littafinsa kan fataucin goro da ya fito a 1980, ya bi diddigin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari na Gummi, waɗanda wannan hanya ta azurta. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan wannan jiha tamu, shi ma ya yi bayanin yaɗuwar Hausawa ta waɗannan hanyoyi a littafinsa na 1978. To amma yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro, Turawa suka yanka iyakoki a tsakiyar hanyar, sannan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyo ruwa zuwa Ikko, daga nan ya hau jirgi. Kowa ya san sunan Alhassan Ɗantata, wanda ya gane canjin da wuri, ya kama hanyar teku, daga baya ya shiga cinikin gyaɗa. Amma madugai da jagabai da fatoma masu saukar baƙi da masu jakuna, waɗanda suka zauna jiran ayarin da bai ƙara zuwa ba, su wa ya rubuta labarinsu? Babu wanda ya yi musu asiri. Hanya ce ta kauce musu.

Haka abin yake ga masu rinji. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Lovejoy da Jan Hogendorn sun nuna a littafinsu na 1993 yadda bayi masu ɗimbin yawa suka gudu a farkon mulkin mallaka, wasu kuma suka fanshi kansu ta hanyar murgu. Wannan alheri ne babba ga waɗanda suka sami 'yanci, kuma nasu labarin na hawa shi ma yana jiran marubuci. Ga gidajen da suka dogara da ƙarfin bayi kuwa, sai aka wayi gari wanda bai taɓa riƙe fartanya ba dole ya duƙa. Baba ta Karo, tsohuwar ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, ta bayyana yadda wannan ya sami danginta. Littafin ya fito a 1954, kuma duk mai son rubuta labarin wancan zamani bai kamata ya rasa karanta shi ba.

Ko sarakuna ba su tsira ba. Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mawaƙin nan mai Tabarƙoƙo, wanda aka tuɓe a 1920. In sarki ya faɗi, bayi da fadawa da makaɗa da maroƙa duk sun faɗi tare da shi, kuma a cikinsu ne labari yake.

In aka ce wannan tsohon zance ne, to mu matso kusa. Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 ya tashi mutum fiye da dubu arba'in daga gidajensu da fadamunsu a ƙasashen Yawuri da Bussa. Farin 1973 da ciwon bushiya na 1983 sun mayar da Fulani masu garke makiyayan shanun wasu. A 1975 gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, da yawa ba tare da shiri ba. A 1985 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, kafin 1993 sai da dala ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati, a 2024 kuwa ta haura naira 1,500. Malamin makaranta ko akawu da ya sayi sabon babur da albashinsa a zamanin Udoji ya ga wannan albashi ya narke a hannunsa ba tare da an rage masa ko sisi a takarda ba. Masaƙar KTL ta Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta UNTL kuma a 2007, dubban magidanta suka koma gida hannu rabbana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa littafi sukutum.

Abin Da Sauran Fannoni Ke Koya Mana

Tarihi zai gaya maka abin da ya girgiza jama'a, amma ba shi kaɗai zai nuna maka yadda abin ke shiga cikin gida ya ci shi ba. Nan ne marubuci ke bukatar leƙa wasu fannoni.

Polly Hill, masaniyar tattalin arziki, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kasa manoman garin kashi huɗu gwargwadon ƙarfinsu, ta buga sakamakon a 1972. Babban abin da ta gano shi ne akwai talaucin da ke hana mutum yin noma. Hatsinsa ya ƙare tun kafin damina, saboda haka lokacin da ya kamata ya nome tasa gonar yana can yana ƙwadago a gonar wani. Ba shi da taki. Ya ci bashin hatsi da zai biya da kaka. Amfaninsa ya ragu, baɗi abin ya fi bana muni. Daga nan sai jinginar da gona, daga jingina sai sayarwa. Ta kuma nuna cewa mutuwar maigida da watsewar gandu na daga cikin manyan mararrabar da 'ya'ya ke rabuwa, wani ya hau wani ya gangara. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna yadda iyali ke bin wannan tsani a shekarar fari: a fara da rage tuwo da cin ganye, a sayar da akuya, a tafi cin rani, a ƙarshe a rabu da gona. Ga tsarin labari nan a shirye, babi-babi, ba mai bukatar gobara.

Ilmin rabon gado ma abin nema ne. Ɗauki misalin manomi mai hali wanda ya rasu ya bar mata biyu, 'ya'ya maza shida da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Matan za su raba tumuni, abin da ya rage a kasa shi goma sha shida, kowane namiji ya ɗauki biyu, mace ɗaya. Ke nan kowane ɗa namiji zai tashi da abin da ya ɗara kashi ɗaya cikin goma na dukiyar kaɗan. Shari'a ta yi adalci, kowa ya sami haƙƙinsa; amma in 'ya'yan suka ce kowa zai ci gaba da rayuwa irin ta zamanin ubansu, da baƙi da kyauta da manyan bukukuwa, a kan kashi ɗaya cikin goma, to mai karatu ya riga ya hango inda za a kwana. Marubucin da ya san wannan lissafi ba ya bukatar ƙirƙiro mugun baffa mai cinye dukiyar marayu.

Ta fuskar lafiya kuwa, Anirudh Krishna ya bi tarihin dubban gidaje a Indiya da Kenya da Uganda da Peru da Amurka, ya buga littafinsa a 2010, inda ya nuna cewa jinya da kuɗin magani na kan gaba a cikin abubuwan da ke jefa iyali cikin talauci. Wa zai musa wannan a cikinmu? Sau nawa muka ga an sayar da shanun huɗa, ko buhunan albasar da aka ajiye don jiran farashi, saboda an kwantar da uwa a asibiti wata uku? A littattafanmu kuwa asibiti wurin da masoya ke sasantawa ne, ba a cika kawo takardar biyan kuɗi ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurin malamanmu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya yi bayanin cewa ɗaukakar gida ba ta cika wuce zuriya huɗu ba: wanda ya gina, ɗansa da ya ga yadda aka gina, jikan da ke kwaikwayo kawai, da na huɗu wanda ke zaton ɗaukakar a jininsa take, shi ne kuma mai rushewa. Marubucin Masar Najib Mahfuz ya gina littafinsa Bidaya wa Nihaya (1949) a kan iyalin ƙaramin ma'aikaci da mutuwar uba ta jefa su cikin ƙunci, ya bi kowane ɗa ya nuna abin da ƙoƙarin rufin asiri ya jawo masa. A Amurka ma, Katherine Newman ta yi hira da manajoji da ma'aikatan da suka rasa aiki, ta buga littafi a 1988, inda ta nuna cewa abin da ya fi cin su shi ne ɗora wa kansu laifi.

Amsa Ga Masu Ja

Mun san wasu 'yan'uwa za su ce adabi daban, tarihi daban, kuma mai karatu nishaɗi ya zo nema. Gaskiya ne ba a son marubuci ya mayar da littafinsa lacca. Binciken da muke magana na marubuci ne, ya sha shi ya narke a cikinsa, abin da zai fito a takarda kuwa mutane ne da maganganunsu: ranar da maigida ya fara shiga gida ta ƙofar baya don kada masu jiran sadaka su gan shi, ranar da uwargida ta aika da tasoshinta kasuwar wani gari don kada a gane su, ranar da aka gayyaci ƙanensa ɗaurin aure aka manta da shi. Irin waɗannan ba sa zuwa wa wanda bai bincika ba.

Wasu kuma za su ce arziki da tsiya duk na Allah ne, tone-tonen dalili kamar ja da ƙaddara ne. Mun yi imani da ƙaddara mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah Yana gudanar da al'amura ta hanyar sababi, kuma sanin sababi bai taɓa rage imanin kowa ba. Hasali ma, wanda ke nuna cewa talauci a kullum sakamakon zunubi ne, shi ne ya fi kusa da yin karambani a kan hukuncin Ubangiji, tunda ana jarrabar na kirki kamar yadda ake jarrabar mugu.

Shawara Ga Masu Tasowa

Ga wanda ya yi niyyar gwada wannan jigo, shawararmu ita ce ya fara daga gida. Ya zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka san ranar da aka daina ɗora babbar tukunya. Ya saurari kirari da waƙoƙin makaɗa, ya lura da sunayen attajiran da ake ambata, ya tambayi ina zuriyarsu take. Ya duba sunayen unguwanni da zangunan da suka mutu, da marinar da aka cike aka yi gini a kanta. In yana da hali ya ziyarci Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ko Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, inda akwai rahotannin haraji da takardun mulki na garuruwanmu. Ya kuma tambayi ɗan kasuwa yadda bashi ke cin jari, ya tambayi malami yadda ake raba gado.

Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Mutumin da ya karye ba abin da ya rage masa sai sutura, saboda haka haramun ne marubuci ya kwashi sirrin gidan maƙwabcinsa ya zuba a littafi yadda kowa zai nuna da yatsa. A ɗauki yadda abin ke faruwa, a bar wanda ya faru da shi. A haɗa gida biyar a fitar da ɗaya wanda babu shi a ko'ina.

Kammalawa

Wannan yanki da ya haifi Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918 ya kuma zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hausa na ƙarnin da ya wuce, bai rasa masu fasaha ba, haka ma sauran sassan ƙasar Hausa. Abin da muka rasa shi ne haƙurin tsayawa a kan labarin da ba ya ƙarewa da biki. Tsofaffin da suka ji labarin ayarin Gwanja daga bakin iyayensu suna ƙarewa, waɗanda suka ga rufe masaƙu kuma sun fara manyanta. Muna kira ga rassan ƙungiyarmu da su sa wannan jigo a cikin gasar gajerun labarai da zaman karatu na wata-wata, muna kuma fatan kafin fitowa ta gaba wani daga cikin matasanmu zai aiko wa wannan mujalla da labarin gida ɗaya da ya gangaro, tun daga kaka har jika, ba boka, ba gobara. Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.